Kamfanin da ya samo mini aikin koyar da Turanci a Jidda: ya iya lissafin malami, bai iya na iyali ba

Na shafe shekara tara ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare a Zariya kafin ni da maiɗakina mu yanke shawarar neman aiki a ƙasar waje a ƙarshen shekarar 2022. A lokacin 'yarmu tana da shekara huɗu, ƙanenta kuma bai daɗe da fara tafiya ba. Mun bi ta hannun wani kamfanin dillancin ayyukan koyarwa da ke hulɗa da malamai ta intanet, kuma tun da 'yan uwa malamai suka ji cewa na samu, suke tambayata ko kamfanin abin dogaro ne. Ba zan ambaci sunansa ba, domin ƙorafin da nake da shi a kansa na ji irinsa daga bakin malaman da suka zo ta hannun wasu kamfanonin, amma zan bayyana yadda hidimarsa take tun daga hirar farko har zuwa ranar da iyalina suka sauka a filin jirgin sama na Jidda.

Abu na farko da ya kwantar mini da hankali shi ne ba su nemi ko kwabo daga gare ni ba. Makarantar da ta ɗauki malami ita ke biyan su ladan dillanci, kuma wannan kaɗai ya bambanta su da masu karɓar kuɗin mutane da sunan za su samo musu biza. Sai dai ya kamata mai neman aiki ya riƙe wannan a ransa: wanda ke biyan dillali shi ne maigidansa na gaskiya, saboda haka burin kamfanin shi ne ya cike gurbin aji a kan lokaci, jin daɗin matarka da 'ya'yanka kuwa yana zuwa ne daga baya.

Ma'aikaciyar kamfanin da aka haɗa ni da ita ta yi mini gaskiya tun a hirar farko, kuma har yau ina yaba mata a kan haka. Na shiga da burin Koriya ta Kudu, saboda na karanta cewa shirin gwamnatinsu na ɗaukar malaman Turanci daga waje, wato EPIK, yana ba malami gida da albashi mai tsari. Nan take ta gaya mini cewa ƙasashen da aka saba karɓa a wannan shiri guda bakwai ne, wato Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostireliya, Niyu Zilan, Ayalan da Afirka ta Kudu, kuma fasfon Najeriya ba ya cikinsu komai ƙwarewar mai shi. Maganar ta yi mini ɗaci, domin da Turanci na yi karatu tun daga firamare har jami'a, amma gara da ta faɗa mini a ranar da a bar ni ina ta aika takardu wata da watanni. Ita ce kuma ta nuna mini cewa takardar shaidar koyar da Turanci mai suna CELTA ta Jami'ar Kambirij, wadda ke ɗaukar aƙalla awa 120 tare da awa shida na koyarwa a gaban masu sa ido, ita ce za ta fi buɗe mini ƙofa. Na riga na yi ta, kuma na ga amfaninta a kowace ganawa da na yi da makarantu.

Ƙasashe uku suka gabatar mini: Biyetnam, Turkiyya da Saudiyya. Hadaddiyar Daular Larabawa ba ta shigo lissafi ba, domin a wancan lokacin ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza. Biyetnam ta fi kowace yawan gurabe, amma mafi yawansu a cibiyoyin koyon harshe ne da ke aiki da yamma da kuma ƙarshen mako, lokacin da yara suka taso daga makarantunsu. Da maiɗakina ta ji haka sai ta ce, "Malam, idan kana fita bayan la'asar kana dawowa yara sun yi barci, Asabar da Lahadi ma kana aji, to da wa za mu zauna a ƙasar da ba mu jin yarensu?" Ga wahalar samun naman halal, ga tsadar makarantun da ke koyarwa da Turanci. Turkiyya ta fi kwanta mana a rai ta fuskar abinci da masallatai, sai dai a watan Oktoban 2022 hauhawar farashi a can ta haura kashi 85 cikin ɗari bisa alƙaluman gwamnatinsu, albashin kuma da lira za a biya. Saudiyya ta rage. Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, ba a cire harajin albashi, kuma ga mutumin da bai taɓa sauke farali ba, zama kusa da Makka ba ƙaramin abin ja ba ne.

Duk wannan kwatancen mu muka yi shi a ɗakinmu da daddare. Abin da kamfanin ya aiko mana shi ne jadawalin albashi, awannin aiki da tikitin jirgi, ba tare da layi ko ɗaya a kan yara ba, ko da yake na rubuta shekarunsu a fom ɗin farko da na cike.

A nan ne babban ƙorafina yake. Aikin da aka samo mini koyar da ɗaliban shekarar share fage ne a wata babbar makaranta a Jidda, amma ainihin mai ɗaukata aiki wani kamfanin kwangila ne da ke samar wa makarantar malamai, kuma shi ne kafilina, wato wanda izinin zamana a ƙasar ke ƙarƙashinsa. A irin waɗannan ayyuka kwantiragi kashi biyu ne, na gwauro da na mai iyali. Na mai iyali yana ɗauke da tikitin mata da yara da alawus na gida da zai isa a kama wurin zama na kirki. Na gwauro kuwa tikiti ɗaya ne da ɗaki a gidan da ake tara malamai maza. Wanda aka turo mini na gwauro ne, kuma da na tambaya sai ma'aikaciyar kamfanin dillancin ta amsa da cewa babu abin da zai hana ni kawo iyalina da zarar iƙamata, wato katin izinin zama a ƙasar, ta fito. Ba ƙarya ta yi ba, domin doka ta ba malami damar hakan. Abin da ba ta faɗa ba shi ne kuɗin da ke bayan wannan dama.

Tun daga watan Yulin 2017 Saudiyya ke karɓar kuɗi a kan kowane mutum da baƙon ma'aikaci ya ajiye a ƙarƙashin iƙamarsa. An fara da riyal 100 a wata, ana ƙara ɗari kowace shekara har ya tsaya a riyal 400 a 2020. Mutum uku nake da su, saboda haka riyal 1,200 ne a wata, wato 14,400 a shekara, kuma daga aljihun ma'aikaci yake fita, jariri da babba duk farashi ɗaya. Ban ji wannan daga bakin kamfanin ba. Wani malami ɗan Sudan ne ya zana mini lissafin a bayan takardar jarrabawa a ɗakin malamai, mako na biyu da isata, sa'annan ya ɗora kuɗin haya da na makaranta a ƙasa ya ja layi. Na daɗe ina kallon abin da ya rage. Kamfanin da ya yi shekaru yana tura malamai wannan ƙasa ba zai ce bai san da wannan kuɗi ba, kuma ina ganin haƙƙin mai iyali ne a gaya masa kafin ya sa hannu.

Ta ɓangaren takardu kuwa sun yi aiki mai kyau, amma a kan nawa kaɗai. Sun ba ni jerin matakan tantance digirina, daga Ma'aikatar Ilimi zuwa ta Harkokin Waje a Abuja har zuwa ɓangaren Saudiyya, da takardar shaidar 'yan sanda, gwajin lafiya da katin rigakafin shawara, kuma duk wasiƙar da na aika ana amsa ta cikin kwana ɗaya ko biyu. Da a ce ni kaɗai zan tafi, da ban sami abin kushewa ba. Sai da na isa can na gane cewa takardar aurenmu da takardun haihuwar yara su ma suna buƙatar hatimi da fassara zuwa Larabci kafin a karɓi buƙatar kawo su. Da an faɗa mini, da a tafiya ɗaya zuwa Abuja na gama komai. A maimakon haka ƙanena ne ya yi ta zirga-zirga da takardun, kuma rabuwar da muka ɗauka ta wata biyu ce sai da ta kai wata biyar. Ɗana ya fara haɗa kalmomi a cikin waɗannan watanni, ni kuwa a waya nake ji.

Batun gida ma ni na nemo wa kaina mafita. Na roƙi a mayar mini da ɗakin gwauraye zuwa kuɗi, aka amince, sai dai kuɗin bai kai hayar ɗaki biyu da falo ba, masu gidaje kuma sun fi son a biya wata shida gaba ɗaya. Wanda ya fitar da ni wani dattijo ne Bahaushe haifaffen Makka, wanda kakanninsa suka zo aikin hajji da ƙafa suka zauna. A masallaci muka haɗu, ya ji ina waya da Hausa, ya ce, "Ɗana, daga ina?" Shi ya raka ni wurin mai gida ya tsaya mini har aka raba biyan kashi huɗu. Wannan al'umma ta Hausawa da ke Makka, Madina da Jidda ita ce dukiyar da babu wani kamfanin dillanci da zai sa a jadawalinsa, kuma ita ta sa maiɗakina ta sami matan da za ta yi hira da su tun makon farko.

Makarantar 'yarmu ta fi komai cin kuɗi bayan haya. Makarantun da ke koyarwa da Turanci masu zaman kansu ne, kwantiragina kuma bai ɗauki ko riyal ɗaya na karatun yara ba. Mun sa ta a wata ƙaramar makarantar renon yara ta unguwa inda ake haɗa Larabci da Turanci, kuma a yanzu ita ke yi wa mahaifiyarta tafinta a kanti. Wannan ya faranta mini rai, amma idan ta kai firamare sosai kuma ƙanenta ya biyo baya, albashin nan ba zai ɗauka ba, kuma duk mai yara 'yan sama da shekara shida ya kamata ya fara lissafinsa daga nan. Inshorar lafiya ce ba ta ba mu wahala ba, domin doka ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya haɗa da iyalin ma'aikaci, kuma da yaron ya yi zazzaɓi cikin dare katin ya yi aiki a asibiti ba tare da gardama ba.

Bayan na isa, kamfanin ya tuntuɓe ni sau biyu, a mako na farko da kuma ƙarshen wata na uku lokacin da wa'adin gwaji ya cika, daga nan ban ƙara jin ɗuriyarsu ba. Albashi yana shiga a kan lokaci, aikin kuma yadda suka kwatanta shi haka na same shi, daga Lahadi zuwa Alhamis, ina dawowa gida kafin la'asar. Ranar Juma'a mukan hau jirgin ƙasa na Haramain mu tafi Makka da yara, wani lokaci kuma Madina idan an sami hutu.

Malami mara aure, ko wanda ya shirya barin iyalinsa a gida na shekara ɗaya, zai iya bin wannan kamfani da kwanciyar hankali. Mai ƙananan yara ma zai iya, amma kada ya karɓi amsar baki. Da lokacin sabunta kwantiragina ya zo, na rubuta wa kafilina tambayoyi huɗu na nemi amsa a rubuce: matsayin kwantiragin, tikitin mutum nawa, alawus na gida nawa ne a riyal, da kuma wanda zai biya kuɗin zaman iyali. An mayar da ni kwantiragin mai iyali, an ƙara tikiti uku a shekara, kuɗin riyal 400 ɗin kuwa har yanzu ni nake biya.