Hitar sola mai kwalabe ko mai faranti: wacce ta fi sauƙin gyara?

Malam, na ga tambayarka. Ka ce hitar solarka ta lita 200 ce mai dogayen kwalabe, tun shigowar hunturu ruwanta ba ya wuce ɗumi-ɗumi da asuba, mai gyaran famfo kuma ya ce ka cire ta ka sa mai faranti, wai ita ba ta ba da matsala. Kada ka cire ta tukuna. Kowacce da irin ciwonta, kuma a ganina ciwon taka ya fi arhar magani.

Aikinsu iri ɗaya ne: ruwan da ya yi zafi ya hau tanki, mai sanyi ya sauko, ba injin da ke tura shi. Wajen riƙe zafi suka bambanta. Kwalba gilashi biyu ce, ɗaya cikin ɗaya, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu kamar filas ɗin shayi. Mai faranti kuwa akwati ne mai murfin gilashi, a cikinsa baƙin faranti da siraran bututan jan ƙarfe. Iska mai sanyi ta fi satar zafin faranti, don haka in sanyin Disamba da Janairu ne damuwarka, canjin ba zai ƙare ka da komai ba.

Ƙura da inuwa ba ruwansu da wacce ka saya. Ka wanke gilashin da sassafe, kuma ka hau da hantsi ka duba, domin a hunturu rana tana karkata kudu. Tankin ruwa ko katangar da ba ta tare ta a Mayu tana iya tare ta yanzu.

Abin da ya sa nake son mai kwalabe shi ne ba ta ɓoye laifinta. Dubi gindin kowace kwalba, inda ta zauna cikin kofin roba. In yana ƙyalli kamar azurfa, lafiyarta ƙalau. In ya koma fari fat, iska ta shiga, ta mutu. Ko ka taɓa ta da rana tsaka: mai lafiya jikinta ba zafi, wadda ka ji tana ƙuna ita ce ke zubar da zafinka. Ita kaɗai za a zare a sa sabuwa, amma a auna ta kafin a tafi kasuwa, don akwai mai kaurin milimita 58 da tsawon 1800, akwai mai 47 da 1500. Mai faranti ba haka take ba. Sai dai ka ga raɓa ta taru a ƙarƙashin gilashi, alamar ruwa ya shiga ya jiƙa abin da ke tsare zafi, kuma in bututu ɗaya ya huje sai an sauke akwatin an kira mai walda.

Sai batun ruwan burtsatse. Leƙa butar lantarkin gidanku. In akwai farin ɓawo a gindinta, irinsa na nan yana taruwa a hitar. A mai kwalabe yana kwanciya a ƙasa ne, a zare kwalbar a ɗauraye. A mai faranti bututan sirara ne, ɓawon yana toshe su a hankali har ruwa ya daina zagayawa, fitar da shi kuma sai an ɗura maganin narkarwa da injin.

Inda mai gyaran naka yake da gaskiya shi ne ƙarko. Kwalba ɗaya ta fashe, ruwan tankin ya tsiyaye a kan kwano. Kuma kwalbar da ta bushe a rana zafinta kan haura digiri 200. In tanki ya ƙafe, aka kawo wuta da azahar aka kunna injin ruwa, ruwan sanyi na shiga sai ka ji tas. Don Allah a gaya wa mutanen gida, in ta ƙafe a rufe bawul ɗinta sai dare ko asuba. A riƙa duba ɗan bututun numfashin da ke saman tankin, zanzaro na son gina gida a cikinsa, in ya toshe tankin na iya kumbura ko ya lotsa. Gilashin mai faranti ya fi jure jifan yara da ƙanƙara, kuma tana ɗaukar matsin injin, shi ya sa ta fi dacewa da gidan bene mai shawa da yawa.

Amma kalmar asuba da ka ambata ta sa ina zargin ba lalacewa ba ce. In iyali suka kwashe ruwan zafi da magariba, tankin zai cika kansa da mai sanyi bayan rana ta faɗi, da safe sai gauraye. Famfon banɗaki mai haɗa zafi da sanyi ma in ya lalace, yana tura ruwan sanyi cikin layin zafi. Gwajin ba ya cin ko sisi: ka hana kowa taɓa ruwan zafi yini guda, ka ji zafinsa da la'asar, ka sake ji da asuba. In da la'asar ma bai yi zafi ba, laifin yana kan kwalabe, ƙura ko inuwa. In ya yi zafi amma ya huce cikin dare, a binciki rufin tankin da bututan da aka bari tsirara. In kuwa ya kwana da zafinsa, hitar lafiyarta lau, ta yi wa gidan kaɗan ne, sai a raba lokacin wanka ko a ƙara wata.

Ka turo mana hoton gindin kwalaben da abin da gwajin ya nuna.