Wasan Asabar na yara masu buƙata ta musamman, abin da na gani da idona

Wata huɗu kenan ina kai ƴata wajen wasan nan da ɗaliban jami'a da na poli suke shirya wa yara masu buƙata ta musamman duk Asabar da safe, mata da yawa a gurup ɗin unguwarmu sun dame ni da tambaya wai yana da kyau? ana biyan kuɗi? shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta. Kyauta ne, ko sisi ba a karɓa, kuɗin keke napep ɗinki kawai.

Ƴata shekararta 10, sanƙarau ne ya tafi da jinta tana ƴar shekara 4. A layinmu na Tudun Wada in yara suna ƴar gala-gala ita tana bakin ƙofa tana kallo, don in an yi magana ba ta ji, su kuma yara ba haƙuri sai su ce ta koma gefe. Ni kaina har na saba da kalmar "ayya", duk inda muka shiga ita ce farkon abin da ake ce mana.

Ranar farko wlh babu wanda ya ce ayya. Wata ɗaliba ta durƙusa daidai tsayinta, ta gaishe ta da hannu, ta miƙa mata jesi ta nuna mata fili, ni kuma ta ce Mama ga benci can a inuwa ki huta. Rafalin ba ya busa usur, tuta yake ɗagawa, ashe haka ake yi a ƙwallon kurame. Sati na uku ƴar tawa ta ja rigar wata yarinya ta baya, rafali ya ɗaga mata katin gargaɗi kamar kowa, ta dawo gida tana ta cika tana batsewa tana nuna min da hannu wai zalunci aka yi mata. Ni ko na shiga ɗaki na yi kuka na daɗi, saboda shekara shida kenan ba a taɓa hukunta ta a wasa ba, tunda ba a taɓa sa ta a ciki ba.

Akwai ɓangaren samarin da shan inna ya taɓa, suna zama a kan ɗan katako mai taya su sa silifa a hannu suna tura kansu suna buga ƙwallo da hannu, gudun da suke yi sai kin gani. Wannan wasan ɗan Kano ne ma ya ƙirƙiro shi, Misbahu Lawan Didi, a 1988. Makafi kuma ƙwallonsu da ƙararrawa a ciki, in za su fara sai wani ɗalibi ya zagayo yana roƙonmu iyaye mu yi shiru don da kunne suke bin ƙwallon, kin san mu da hira, sai ya zo sau biyu sau uku kuma bai taɓa ɗaga mana murya ba.

To amma akwai gyara gaskiya. Lokacin jarrabawa ɗaliban suna raguwa sosai, akwai Asabar ɗin da mutum huɗu kawai suka zo ga yara cike da fili, ban ga laifinsu ba karatu ya kawo su, amma da sun sanar a WhatsApp tun Juma'a da wata baiwar Allah ba ta goyo ɗanta mai shekara 8 tun daga Rigasa ba ta zo ya zauna bai taɓa ƙwallo ba. Sai banɗaki, matakala ce a ƙofar, keken guragu ba ya shiga sai an ɗauki yaro cak, yarinya da ta fara girma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma tun Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu wariya, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin ya wuce.

Wani abu kuma, maganar hannun da ɗaliban suka koya irin ta makaranta ce wadda ta samo asali daga ta Amurka, ƴata kuma ta gida ta iya irin tamu ta Hausa, da farko sun ɗan sha wahalar fahimtar juna. Ɗalibar nan sai ta zo da littafi tana zama da ita bayan wasa tana ce mata nuna min yadda kike cewa ruwa, yadda kike cewa gajiya, tana rubutawa. Yanzu ƴata ce malamarta.

Da tauraro ake bayarwa huɗu zan ba su cikin biyar, banɗakin nan ne ya cinye ɗayan. In za ki kawo naki ki fito da wuri kafin rana ta buɗe, ki taho da ruwa da kambas ko da na gwanjo ne, filin akwai tsakuwa, kuma in sati na jarrabawa ne ki tambaya tukuna kafin ki hau keke.