Wankan ruwan zafi a lambun Terra Nostra: abin da idona ya gani

Tun da na dawo Accra matan layinmu a Nima suke yi mini tambaya ɗaya: wai da gaske ne ruwan nan da na shiga a ƙasar Fotugal yana maganin ciwon gwiwa? Hoton da 'yata ta sa a Facebook ne ya jawo maganar, don an gan ni tsundum cikin wani ruwa jawur, tururi na tashi, itatuwa sun kewaye ni ta kowane gefe. Amsar ita ce bai warkar da ni ba, amma na ji sauƙin da na daɗe ban ji irinsa ba. Kuma duk wadda ta biya kuɗin shiga don ruwan kaɗai, ta fito ba ta zaga lambun ba, ta bar fiye da rabin abin da ta biya wa kuɗi.

Sunan wurin Terra Nostra, yana ƙauyen Furnas a tsibirin Sao Miguel, wanda shi ne mafi girma cikin tsibirai 9 da ake kira Azores. Ƙasar Fotugal ce, amma can tsakiyar Tekun Atlantika, kimanin kilomita 1,400 yamma da Lisbon. Daga Accra akwai jirgin da ke kai mutum Lisbon kai tsaye, inda 'yar tawa take aikin jinya. Daga can muka hau wani jirgin na awa 2 da 'yan mintoci zuwa Ponta Delgada, sai mota ƙasa da awa ɗaya zuwa Furnas.

Ƙauyen yana zaune ne a cikin kwarin dutse mai aman wuta, wanda rabonsa da yin aman tun 1630, amma har yau wutar na nan a ƙarƙashi. Ruwan sama yana nutsewa cikin ƙasa, ya tarar da duwatsu masu zafi, ya ɗauko zafin tare da sinadarin ƙarfe, sannan ya ɓuɓɓugo sama. Tun kafin ka sauka daga mota warin farar wuta zai tare ka. A tsakiyar gari akwai ramuka da aka killace, ruwa na tafasa a ciki yana ɓal-ɓal, na tsaya na yi tasbihi, don ban taɓa ganin ƙasa na tafasa da kanta ba.

Shi tafkin wankan yana cikin lambun ne, ba nisa da ƙofar shiga. Faɗi gare shi sosai, an ɗaure bakinsa da dutse, da ɗan tsibiri a tsakiya, ga wani tsohon gida fari a kan tudu yana kallonsa. Launin ruwan shi ne abin da ke fara sa mutum ja da baya: kamar shayin da aka cika wa madara aka bar ganyen ya daɗe a wuta. Idan ka nutsa hannunka taƙi ɗaya, ba ka ƙara ganin yatsunka. Na tsaya a matakala ina nazari, sai 'yata ta ce, “Mma, ba dauɗa ba ce fa. Ƙarfen da ke cikin ruwan ne, da ya sha iska sai ya yi tsatsa.” Haka kuwa abin yake, don ruwan ba ya kwanciya wuri ɗaya, sabo na ta zubowa ta indararo dare da rana, tsohon na fita.

Zafinsa tsakanin digiri 35 ne zuwa 40. Ba ya ƙuna, amma yana ratsa jiki har ƙashi. Zurfin ya kai kamar mita ɗaya da rabi, ni da ba doguwa ba ce ya kawo mini wuya, don haka na riƙa bin gefe ina dafa dutse. Kusa da indararon ya fi zafi, nan ne mutane ke jeruwa suna ba ruwan baya yana dukan kafaɗunsu. Da nawa layin ya zo na juya masa ƙeya, na ji jijiyoyin wuyan nan da ɗaukar dilar atamfa ta ɗaure mini shekara da shekaru suna saki ɗaya bayan ɗaya. Gwiwar kuwa, a cikin ruwa nauyin jiki ba ya kanta, na lanƙwasa ta na miƙe ta yadda na ga dama. A daren nan na yi sallata da sujada a ƙasa ba tare da kujera ba. Ciwon ya dawo daga baya, kamar yadda 'yata ta faɗa mini tun farko, amma wannan sujadar ta ishe ni godiya ga Allah.

Ita ce kuma ta riƙa duba agogo tana fito da ni ina hutawa, ina shan ruwan sanyi. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya da mai juna biyu su tambayi likita kafin su shiga, don daɗewa cikin ruwan zafi yana saukar da jini ya kawo jiri. Wannan ba abin wasa ba ne, musamman ga mu da shekaru suka fara turawa.

Sai maganar sutura, wadda na san ita ce ta fi damun 'yan'uwana mata. Tafkin na kowa da kowa ne, maza da mata tare, babu ɓangare. Ni na shiga da dogon wando da riga mai dogon hannu irin na ninƙaya, da hular da ta rufe kai da wuya, ba wanda ya tanka mini, ba wanda ma ya ɗaga kai. Mun je da safe ana buɗe ƙofa, lokacin mutane ba su taru ba, muka kama kusurwa. Akwai kuma wasu ƙananan tafkuna guda 2 a gefe cikin itatuwa, da ɗakunan sauya kaya da wurin ɗauraye jiki. Duk da haka wadda zuciyarta ba ta kwanta da cakuɗuwar ba, kada ta tilasta wa kanta, ta bar ruwan ta shiga lambu, ba ta yi asara ba. Wadda za ta shiga kuma ta sa baƙin kaya ko tsofaffi, ta zo da tawul mai duhu, ta cire zobe da 'yan kunne. Tsatsar nan idan ta kama farin yadi ba ta fita.

Lambun shi ne ya riƙe mini zuciya. Wani ɗan kasuwa Ba'amurke daga Boston, Thomas Hickling, shi ya fara gina gidan hutu na katako a wurin wajejen 1775, da ɗan tafki a gabansa. A 1848 wurin ya koma hannun wani basaraken tsibirin, shi da ɗansa suka faɗaɗa shi, suka riƙa kawo itatuwa daga ƙasashe masu nisa. A shekarun 1930 wani attajiri mai suna Vasco Bensaude ya karɓe shi, aka buɗe otal a 1935, aka ƙara girman tafkin ya zama yadda yake yau. Yanzu faɗinsa ya haura hekta 12. Kowane mai hannu da ya zo ya tarar da dashen na baya, bai sare ba, ƙarawa ya yi, shi ya sa kake tafiya ƙarƙashin itatuwan da suka girmi kakanninka.

Akwai wata doguwar hanya da itatuwan ginkgo suka yi mata layi hagu da dama, ganyensu ƙanana masu siffar mafici. Akwai furen kameliya iri fiye da 600, dangin itacen da ake samun ganyen shayi daga gare shi. Na tsaya a gaban wata guda, furen fari ne da zane-zanen ja siriri, kowane ganye da nasa zanen, ni da na ƙare rayuwata ina zaɓen zanen atamfa na kasa ɗauke ido. Ga ƙoramu suna ratsa lambun, wani mai sanyi garau, wani ja mai ɗumi, ga bado kwance a kan ruwa. Wani tsoho ma'aikaci na gani durƙushe yana cire ciyawa daga gindin wani dashe da yatsunsa, ɗaya-ɗaya, ba ya sauri. Na yi masa sannu da hannu, ya ɗago ya amsa, ya koma kan aikinsa.

Duk tafiyar nan lambun Aburi na ƙasarmu Ghana ne a raina. Namu lambun da aka buɗe a 1890 ya ninka wannan girma, ga layin dogayen itatuwan nan na ƙofar shiga, ga tsohon rimin da ya riga lambun kansa zuwa, ga iskar tudu mai sanyi, kuma daga tashar Madina mota ɗaya ce. Ruwan zafi ne kawai Allah bai ba mu a can ba. Amma mu da yawa sai ranar yawon salla muke tunawa da shi, mu je da kuloli da kiɗa, mu ci mu tashi, ba mu tsaya mun karanta sunan ko itace ɗaya ba. Sai da na je ƙasar wasu na ga yadda mutum ke tsayawa a gaban ganye yana kallo, abin ya taɓa ni ƙwarai.

Abinci yana son lura. Abin da Furnas ta yi suna da shi wani dafa-duka ne da suke kira kozidu: a cika tukunya da nama da ganye da dankali, a binne ta cikin ƙasa mai zafi a bakin wani babban tafki da ke wajen garin, bayan awa 6 ko 7 a tono ta. Kallon yadda ake ciro tukwanen da ƙugiya abin sha'awa ne, amma akwai naman alade da tsiren jini a ciki, kuma komai a tukunya ɗaya ya dahu, har kabejin bai halatta gare mu ba. Mu kifi muka ci, da wata gurasa tasu mai zaƙi-zaƙi, da masarar da ake dafawa cikin buhu a ramukan nan masu tafasa. Gwaza kuwa ga ta nan gona-gona a bakin ruwan ɗumi, ganyenta fatan-fatan, na ce da a gida ne da tuni an yi miyar kontomire. Masallaci ban gani ba a ƙauyen, mun tafi da dardumarmu, muka yi sallar matafiya a masauki.

Ba zan ce wa kowa ya tashi daga Accra takanas don wannan ruwan ba. Bizar Turai da kuɗin jirgi biyu da masauki ba ƙaramin abu ba ne, kuma da a ce maganin gwiwa ake nema, kuɗin sun fi amfani a hannun likitan ƙashi. Amma wanda Allah ya kai shi Fotugal, don ɗa ko kasuwanci ko karatu, ya ƙara wannan ɗan tsallaken, ya ware wa wurin yini guda cur: ruwa da safe, lambu bayan ya huta. Mai son ganin kameliya ta buɗe ya nufi tsakanin Janairu da Maris, ya kuma riƙe lema da rigar sanyi, don a tsibirin nan ana iya yin rana da ruwa da hazo duk kafin azahar.