Gargaɗi: mai "binne kara a karɓi dala" ya cuce ni

Naira 85,000. Dubu tamanin da biyar, kuɗin riɗina na bara gaba ɗaya, na miƙa wa mutum da hannuna har ina yi masa godiya.

Bayan girbi ya zo ƙauyenmu nan ƙasar Ringim. A'a, tun gero na tsaye ya fara zuwa, ya yi La'asar tare da mu, sahu ɗaya, kafaɗarsa na gogar tawa. Ya ce wani kamfani a Turai na biyan dala ga manomin da ya binne kara da ɓuntun shinkafa a rami, wai iskar kabon mai ɗumama duniya za ta kwanta a ƙasa maimakon ta tashi sama, kowane tan da kuɗinsa.

Kada wani ya ce min wawa. Na duba a waya, da gaske ana wannan cinikin a duniya. Har dokar sauyin yanayi da Buhari ya sa wa hannu a 2021 ya ambata, ita ma na duba, akwai ta. Amma abin da ya kashe min jiki, ranar farko na zaro kuɗi, ya ture hannuna. "Malam, mayar da kuɗinka aljihu, sai na kawo fom." Don Allah wane ɓarawo ne ke ƙin kuɗi? Kullum na kwanta sai na ga hannun nan yana ture nawa.

Rajista 35,000, awon gona da waya 20,000, takardar shaida 30,000. Ku haɗa. 85,000.

Kuɗin ma da sauƙi. Karan da shanuna za su ci da rani, wanda zan yi danni da shi, duk na tura rami. Ya kuma turo a-kori-kura da buhuna ɗaurarru, wai sinadarin kamfani ne, a binne tare. Da damina ta sauka ruwan rijiyarmu ya fara wari, taku ashirin ne tsakaninta da ramin. Muka tona. Leda, matattun batura, kunzugun jarirai. Bola ya kawo mana! Lokacin ma wayarsa ta daɗe a kashe.

Ƙanena mai karatun aikin gona ya ce, "Yaya, masu yin na gaskiya sai sun mayar da karan gawayi tukuna. Ɗanyen kara a jiƙaƙƙen rami ruɓewa yake, ya fitar da wata iska da ta fi kabon ɗumama duniya." Ina ma kafin na tura kuɗi na kira shi. Girman kai ne ya hana ni tambayar yaro.

Rasit ɗin POS da hoton fom suna nan, zan ɗora da dare in caji ya samu.

Duk wanda ya ce ka biya kafin a biya ka, kore shi. Kuma kada ku binne buhun da ba ku kwance ba. Yanzu yarana a rijiyar makwabta suke jan ruwa, matar gidan ko kallona ba ta yi, 85,000.