Audio-Technica AT-LP120XUSB: ya dace da tsofaffin fayafayan funk a filin rawar Jos?

Wannan garmahon zamani ne da aka ƙera bisa fasalin Technics SL-1200, injin da ya fito a 1972 kuma ya zama abin hannun masu juya faifai a gidajen rawa bayan fitowar samfurin MK2 a 1979. Kuɗinsa bai kai na sabon Technics SL-1200 ba, shi ya sa masu kiɗan biki da masu tara faifai a Jos, daga Terminus har Bukuru, suke yawan tambaya a kansa. Ga mai son jin funk a ɗaki ko a ƙaramin fili, inji ne mai kyau ƙwarai. Babban gidan rawa mai manyan lasifikoki kuwa ya fi ƙarfinsa, sai an yi masa dabara.

Abin da ya fi daraja a jikinsa shi ne sandar ƙara gudu da rage shi, kuma dalilin yana cikin kiɗan ne. Funk mutane ne suka buga shi da hannu, babu injin da ke riƙe musu lokaci. James Brown ya ɗora nauyin kiɗansa kan bugun farko na kowane zagaye, ya mai da jita da ƙaho tamkar ganguna, amma mai ganga ɗan adam ne: yakan ɗan yi gaba, yakan ɗan ja baya. Kiɗan house da ya taso a Chicago cikin shekarun 1980 ya gaji wannan nauyin ganga da bes (sauti mai kauri) ta hanyar disko, sai dai injuna irin su Roland TR-909 ne ke buga shi, ba ya kaucewa ko kaɗan. Wanda zai haɗa tsohon faifai da sabon kiɗa dole yatsansa ya zauna kan sandar yana bin mai gangar. A nan sandar tana ba da kashi 8 ko kashi 16 cikin ɗari, sama ko ƙasa. Faifan da ke tafiya bugu 110 a minti zai kai kusan 119 a mataki na farko, wanda ya isa a sadu da yawancin disko. Mataki na biyu a yi hattara da shi, domin babu abin da ke riƙe murya: ƙarin kashi 6 kawai yana ɗaga ta rabin matakin sautin kiɗa, idan aka wuce 10 mawaƙi ya fara ƙara kamar yaro. Sandar tana tafiya sumul, akwai kuma maɓallin da ke mai da gudu daidai nan take.

Motarsa tana juya farantin kai tsaye, babu bel, kuma wannan ne ya sa ake iya riƙe faifai da hannu a sake shi kan bugun da ake so. Dabarar maimaita wurin ganga ta wannan hanya ta samo asali daga DJ Kool Herc a unguwar Bronx a 1973. Ya lura masu rawa sun fi zabura a wurin da kowa ya yi shiru aka bar ganga ita kaɗai, sai ya riƙa sa faifai biyu iri ɗaya yana maimaita wurin. Gangar Clyde Stubblefield a "Funky Drummer" na 1970 ba ta wuce daƙiƙa ashirin ba, ta Gregory Coleman a "Amen, Brother" na 1969 ba ta kai goma ba, amma a kansu aka gina ɗimbin waƙoƙin hip hop da jungle. Wannan injin yana iya aikin, sai dai ƙarfin motarsa bai kai na Technics ba. Idan hannu ya yi nauyi, faranti yakan ɗan sassauta, bugun farko ya fito da ja. A saki faifai da ɗan turi, kuma a bar shimfiɗar ulun da ya zo da ita, kada a musanya da ta roba.

Allurar da ke kansa, AT-VM95E, ta sauraro ce. Tana fitar da ƙarar kuge da ƙaho tsaf, amma jan faifai baya a kai a kai yana sa ta cinye farkon layin, har a riƙa jin "shhh" kafin ganga ta shigo, kuma wannan ɓarnar ba ta gyaruwa. Mai yin wannan aiki ya sayi kai na biyu da allura mai zagayayyen baki irin AT-XP3. Ta asali tana ɗaukar wajen awa 300 kafin a sauya.

Saitin hannun da ke ɗauke da allura kuwa haka yake. A sa awon anti-skate (mai hana allura zamewa zuwa tsakiyar faifai) a sifiri, a murɗa nauyin da ke bayan hannu har ya tsaya a iska bai yi sama ba bai yi ƙasa ba, a juya zoben lambobi shi kaɗai zuwa sifiri, sannan a murɗa nauyin gaba ɗaya zuwa giram 2. Anti-skate ma a kai shi 2. Ɗora kwabo kan allura don kada ta yi tsalle, kamar yadda ake gani wurin wasu masu kiɗa, kashe faifai ne kawai. Abin takaici, ba a iya ɗaga tsayin hannun a wannan samfurin.

Kuskuren da ya fi yawa yana bayan inji, wurin maɓallin PHONO da LINE. Lokacin yanka faifai ana rage bes da gangan don layi ya samu wuri, na'urar da ke karɓa ce ke mai da shi. Idan maɓalli yana PHONO aka sa waya a ramin LINE na miksa (na'urar haɗa sauti), sauti zai fito siriri, babu bes, funk kuwa in babu bes an gama. Idan aka yi akasin haka sauti zai fashe. Mai miksa mai ramin PHONO ya yi amfani da shi, ya ɗaura wayar ƙasa a dunƙulenta, in ba haka ba gurnani zai biyo kiɗan, musamman a kan janareta.

Rauninsa na gaske nauyi ne. Kilo 8 ne kacal, jikin roba, alhali MK2 ya haura 12. A zauren biki idan lasifikan bes suka buɗe, girgiza tana bi ta tebur ta shiga allura ta dawo lasifika, sai a ji gunji yana ƙaruwa. Maganinsa: a cire murfin gaba ɗaya, a ɗora injin kan falan kankare ko dutse mai soso a ƙarƙashi, a raba teburinsa da dandamalin da ake rawa, a nisanta shi daga lasifika. Da haka yana riƙe matsakaicin zaure lafiya.

Sanyin Jos alheri ne ga faifai, bai cika lanƙwashewa kamar a garuruwa masu zafi ba, in dai an jera shi a tsaye kuma ba a bar shi cikin mota ba. Hunturu ne matsala: busasshiyar iska tana sa faifai jan ƙura, a riƙa jin ƙas-ƙas. Burushin carbon kafin kowane sawa, wanki da tataccen ruwa da tsumma mai laushi a bi layi, a shanya a inuwa. Ban da kananzir ko omo.

Ramin USB ɗinsa ya cancanci yabo. Fayafayan gida na shekarun 1970, irin na Fela da Tony Allen, BLO, The Funkees da Sahara All Stars na nan Jos, waɗanda suka sha daga funk suka mai da shi nasu, sun yi wuyar samu, kuma bai kamata a riƙa kai su filin biki ba. A haɗa injin da kwamfuta, a ɗauka da manhajar Audacity, a tsayar da ƙarfin sauti ƙasa da jan alamar awo, a adana a WAV, tsarin fayil da ba ya rage ingancin sauti. Yana juya faifai a gudun zagaye 33, 45 da 78 a minti, ya zo da zoben da ake sa wa ƙananan fayafayan Amurka masu faɗin rami, amma tsofaffin 78 suna buƙatar allurarsu daban, VMN95SP. Kafin a biya kuɗi, a sa mai shago ya kunna shi a duba ɗigogin gefen faranti a ƙarƙashin fitila: a gudun 33 su tsaya cak, idan suna rarrafe gaba ko baya a nemi wani.