Faifan An English Ladymass: abin da zai koya wa mawaƙan cocin ƙauye

Mata huɗu ne suka rera wannan faifai, ƙungiyar Anonymous 4 ta Amurka, kamfanin Harmonia Mundi ya fitar da shi a 1992. Ladymass na nufin Misa, wato sujadar Katolika, ta girmama Budurwa Maryamu. Tsawonsa ya kusa awa ɗaya, babu ganga, babu molo, babu piyano. Waƙoƙin na Ingila ne, na ƙarni na 13 da na 14, kuma babu wanda ya san sunan waɗanda suka tsara su. Da yawansu ma da ƙyar suka tsira. An daina rera su, masu ɗinkin littafi suka yayyanka fatun da aka rubuta su a kai suka yi bango da su, sannan rushe gidajen sufaye da Sarki Henry na 8 ya fara a 1536 ya lashe littattafan waƙa masu yawa. Daga bangon littattafan babban cocin birnin Worcester na Ingila aka tsinto gutsattsarin da wani sashe na faifan ya dogara a kansu.

Hukuncinmu shi ne duk mai koyar da mawaƙa a ƙauyukan Sumaila, Tudun Wada ko Roni ya kamata ya mallake shi domin horar da kunne. Ba faifan da za a kwashe a kai sujadar Lahadi ba ne. Kalmomin yawanci Latin ne, kaɗan da tsohon Turanci, kuma akasarinsu yabon Budurwa Maryamu ne, don haka Katolika za su karɓa, amma a cocin ECWA sai dai a tsaya a wurin gwaji.

Darajarsa tana cikin yadda muryoyin ke haɗuwa. A wancan zamani mawaƙan Faransa sun fi dogara ga tazarar do da so, su kuwa Turawan Ingila suna ƙaunar do da mi, wato zaƙin nan da kowane alto ke nema yau. A saurari Edi beo thu hevene quene: murya biyu ce kawai, ta ƙasa tana yawo a kan 'yan sautuka kaɗan, ta sama tana zagaya ta. A Beata viscera kuma muryoyi uku ne ke hawa da sauka tare. Wannan salo ne ya bi ta hannun mai tsara waƙa ɗan Ingila John Dunstaple, wanda ya rasu a 1453, ya tsallaka Turai. Wata Misa ta Ingila mai murya huɗu, Caput, wadda aka daɗe ana jingina wa mai tsara waƙa Dufay kafin a gano cewa ta wani Bature ɗan Ingila ce da ba a san sunansa ba, ita masu tsara waƙa Ockeghem da Obrecht suka ɗauka suka gina nasu a kai. Tsarin murya huɗu na littafin waƙoƙinmu yana da jijiya a can.

Ga yadda zai yi amfani. A zaɓi mutum huɗu zuwa shida daga Zumuntar Mata ko matasa, kada a wuce haka, domin idan an yi yawa mai kuskure yana ɓuya. A fara da waƙar mai murya biyu. Mai koyarwa ya rubuta layi ɗaya da solfa, kowa ya koyi muryoyin biyu, ba tasa kaɗai ba. A ɗauki sautin farko daga piyano, a kashe shi, a tsaya a da'ira ana jin juna, a rera da “a” kawai na minti goma sha biyar. In an gama a sake kunna piyanon a ji ko an zame.

Za a zame kuwa, kusan kullum ƙasa. Dalili biyu ne: numfashi yana ƙarewa kafin layi ya ƙare, kuma ana rera mi da kasala. Maganin shi ne a sa alamar wurin numfashi tun farko, a kuma sauke waƙar da sauti ɗaya ko biyu, domin matan faifan suna rera sama fiye da inda matanmu suka saba da muryar ƙirji. Matsala ta biyu tana zuwa inda muryoyi ke gittawa, ta ƙasa ta hau bisa ta sama: mai rera ta ƙasa sai ta saki layinta ta bi 'yar'uwarta. A raba su nesa da juna kamu uku har kowace ta riƙe nata. Flos regalis, inda muryoyi ke musayar layi ɗaya bayan ɗaya, tana da sauƙi ga waɗanda suka tashi da bayarwa da amshi. Da hunturu a ajiye ruwan ɗumi kusa, maƙogwaro busasshe ba ya riƙe dogon sauti.

Kada a yi gaggawar ɗora kalmomin Hausa a kan karin. Inda karin ya hau, kalmar kuma sautinta na sauka, ma'ana tana karkacewa.

Faifan yana da naƙasu. Maza sufaye ne suka rera irin waɗannan waƙoƙi a Worcester, a nan kuwa babu muryar namiji ko ɗaya, don haka masu bas da teno ba su da abin kwaikwayo. Jerin waƙoƙin Misar ma matan huɗun ne suka harhaɗa daga rubuce-rubuce dabam-dabam. Wanda ya sauke shi ta intanet sau da yawa ba ya samun ɗan littafin da ke ɗauke da kalmomi da fassara. Sautin kuma sanyi gare shi: lasifikar waya tana haɗiye muryar ƙasa, ƙarar janareta tana cinye sauran. A nemi ƙaramar lasifika mai caji, a saurara da yamma a rufaffen ɗaki. Amon da ake ji a faifan na ginin da ke mayar da sauti ne. Ginin ƙasa mai rufin kwano ba zai ba da shi ba, saboda haka a ɗan ƙara sauri, a kuma riƙe ƙarshen kowane layi har ya cika.