Guduma ko injin matsa: wanne ya fi fitar da fil ɗin gindin saitin gaba?

Malam, ka ce ka kwana biyu kana bugun fil biyun da ke riƙe da gindin saitin gaba (ƙarfen da ke ɗauke da sandar saiti kusa da bakin bututu) na bindigarka AR-15, ko gezau ba su yi ba, har kan ɗaya ya fara bajewa. Tambayarka ita ce ka ci gaba da guduma ko ka nemi injin matsa. Na ga ana ta ba ka shawarar ƙara ƙarfi. Ni dai ina ganin ba a ƙarfi matsalar take ba.

Kafin komai, a cire harsashi, a leƙa a tabbatar, a raba saman bindigar da ƙasanta, a sa tabarau na kariya.

Sai ka san irin fil ɗin. A yawancin waɗannan bindigogi ba miƙaƙƙe ba ne, kamar turke yake: kai ɗaya ya fi ɗaya kauri. Lambarsa 2/0, babban kan kusan milimita 3.6, yana sirancewa da 1 cikin 48. Ido ba ya saurin ganin wannan bambanci, shi ya sa mutane da yawa suke dukan babban kan, suna ƙara kafa turken suna cewa ya ƙi fita. A al'ada, idan bakin bindiga na kallon gaba, daga hagu ake bugawa ya fita ta dama. Amma ba duk masu ƙera ta ne suke bin al'adar ba, wasu ma miƙaƙƙen fil suke sawa, don haka auna kawunan biyu da ma'aunin kauri, ka bugi ƙaramin. Ga kuma baƙin shafin da ake yi wa ƙarfen: sau da yawa bayan an kafa fil ɗin ake yinsa, sai ya liƙe su wuri guda.

Guduma aikinta girgiza ne. Bugu ɗaya mai nauyi ke karya riƙon, kuma da fil ya motsa da milimita ɗaya ko biyu, shi ke nan, saura sai ɗan taɓawa. Sharaɗinta shi ne duk ƙarfin ya sauka a kan fil ɗin. A nan ne nake zargin aikinka ya lalace. In a kan teburin katako kake, teburin ne yake shanye bugun, kai kuma kana ta gumi a banza. Sauko da aikin kan siminti ko maƙera. Ka tallafi gindin saitin daf da fil ɗin, da ramin da zai faɗa a ƙarƙashinsa. Kamfanin kayan bindiga na Brownells na yin wani dandamalin roba mai tauri musamman don wannan, amma guntun katako mai tauri da aka huda ma yana yi. Ka sami wani ya riƙe maka bututun kada ya yi tsalle. Ƙarfen turin da za ka fara da shi, wato wanda ake ɗorawa a kan fil a buga da guduma, ya zama gajere, kakkaura, wanda ya fi fil ɗin faɗi, ko mai ɗan kwarmi a baki da zai zauna a kan fil bai zame ba. Siririn ajiye shi sai fil ya nutse, in ka fara da shi lanƙwashewa zai yi ko ya karye. Gudumar kuma mai nauyin rabin kilo zuwa kilo ɗaya. Ƙananan bugu ashirin da ƙaramar guduma su ne suke baje kan fil ya koma kamar laima, irin abin da ya fara samunka.

Injin matsa ba ya girgiza, turi yake a hankali har abu ya saki. Amfaninsa ba ya zamewa ya kwarzane maka bindiga, kuma ba ya buƙatar gwanintar hannu wajen saita bugu. Illarsa ba ya jin zafi. Idan aikin ya ɗan karkace, ko ka ɗora a kan babban kai bisa kuskure, injin ba zai faɗa maka ba, zai ci gaba har ya murƙushe gindin saitin ko ya karya ƙarfen turin ya harbo shi. Siffar gindin saitin ma ba ta zama daidai a kan shimfiɗa, sai an yi mata wurin zama. Ga wanda yake wannan aiki kullum, ko mai taɓa bindigar AK inda gindin saitin kansa matsa shi aka yi a kan bututu, injin ya cancanci wurinsa. Don fil biyu na bindiga ɗaya, ban ga dalilin ba.

Mai da zafi mataimaka ne ga kowanne. Ɗiga man sassauta tsatsa irin Kroil a kawunan biyu, ka bar shi ya kwana. Zafi kaɗan a jikin gindin saitin yana buɗa ramin, amma kada ƙarfe ya canza launi, kuma ka tuna akwai ɗan sifirin a ƙarƙashin sandar saitin da wuta ke kashewa. Masu sa shi a firiza su kwana, ba na musu da su, sai dai ban ba abin muhimmanci ba tunda fil da gidansa tare suke yin sanyi.

Kan da ya baje kuwa dole ka gyara shi tukun, ko da wace hanya za ka bi. Manna tef a kewaye, ka goge leɓen da magagari har ya koma daidai da ramin, in ba haka ba kana ƙoƙarin cusa laima a buɗe ta ƙofar da ba ta isa ba. Wannan fil ɗin ya gama aiki, sabo za ka sa.

Huda shi ne na ƙarshe, kuma ban so ka yi shi da injin hannu ba. Fil ɗin yana ratsa ƙasan bututun kansa, in bakin hudar ya kauce, bututu ka ci. In abin ya kai nan, kai wa maƙerin bindiga mai injin huda na tsaye.

Don haka goge kan, sa mai, auna, sauka ƙasa, ka ba shi bugu biyu ko uku na gaske. Idan sun fita, ka ware na gaba da na baya, domin kowane rami da nasa fil aka gyara shi, kuma wanda bai lalace ba wurinsa zai koma.